Kawu, sun ce sunan mahaifiyata na Yahudawa ne, aurena na neman lalacewa

Saƙon wannan makon daga wata 'yarmu ce a Kaduna, ta roƙi a sakaya sunanta, na ɗan taƙaita shi saboda tsawo:

"Assalamu alaikum Kawu. Ni ruwa biyu ce, babana ya yi karatun injiniya a Volgograd ta ƙasar Rasha tun zamanin Sobiyet, can ya haɗu da mamana ya auro ta suka dawo gida a 1990, ta musulunta tun kafin a haife ni, kowa a unguwa Hajiya Baturiya yake ce mata, yau shekara shida da rasuwarta. Yanzu an kawo kuɗin gaisuwata saura sa rana, sai dangin wanda zan aura suka shiga bincike kamar yadda aka saba, a wata tsohuwar takarda aka ga sunan gidan su mama Abramova, sai ƙanensa da yake ɗan Chelsea ne ya ce ai wannan sunan Yahudawa ne irin na Abramovich, shikenan magana ta zagaya har gwaggonsa ta ce ita ba za a kawo musu jinin Yahudu gida ba. Shi kuma ya ce kawai in ce musu sunan Kiristocin Rasha ne a wuce wajen. Ni wallahi ban sani ba, mama bata taɓa yi min maganar ba, baba kuma da an ambace ta sai ya yi shiru ya tashi. Sati biyu kenan bana barci. Dan Allah sunan nan na su waye, kuma ya zan yi?"

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Hajiya, ya kai haske kabarinta, ya sa ta huta. Sau uku na karanta saƙonki, kuma abin da ya fi tsaya min a rai ba maganar auren ba ce, a'a, ganin yadda aka sa kika fara jin nauyin sunan uwar da ta haife ki, matar da ta baro ƙasarta da danginta da yarenta ta zo ta zauna cikin zafin Kaduna har ƙasa ta rufe idonta. Wannan ya dame ni ƙwarai. Toh bari mu fara da sunan tunda shi kika tambaya, kuma Allah ya sa na zauna a ƙasar nan shekara shida ina karatu a Rostov, daga 1983 zuwa 1989, ba labari aka ba ni ba.

Abramov ma'anarsa na gidan Abram, Abram kuwa Ibrahim ne, Annabi Ibrahim ɗin nan dai da kike ambata a tahiya kullum sau biyar. Su mutanen Rasha suna uku kowa yake da shi, nasa na yanka, sai na ubansa, sai na gida wanda ake gada, kuma yawancin sunayen gidan nan sunan wani kaka aka ɗauka aka liƙa masa -ov ko -ev ko -in a ƙarshe, Ivan ya zama Ivanov, Abram ya zama Abramov, kamar dai mu ce gidan Malam Ibrahim ko 'ya'yan Ibro. In mace ce sai a ƙara -a, shi ya sa na mamanki ya zama Abramova, babanta da 'yan uwanta maza Abramov suke. A baki ma ba "ov" suke furtawa ba, Abramaf za ki ji sun ce.

A ajinmu akwai Abramov har biyu, malami in yana kiran suna sai ya haɗa da na yanka kafin a gane wanda ake nufi. Ɗaya dogo ne fari tas mai gashi kalar ciyawar rani, daga arewacin ƙasar ya fito, na taɓa bin shi gidansu hutu na ga kakarsa da hotunan waliyyan coci a kusurwar ɗaki ta kunna musu 'yar fitila, Kirista ce ta gidi duk da gwamnatin lokacin bata son addini. Ɗayan kuma gajere ne baƙin gashi daga Derbent ta Dagestan can kudancin ƙasar, Bayahude ne cikin waɗanda ake kira Yahudawan dutse, in yana waya da mahaifiyarsa wani yare yake yi mai kama da Farisanci, kuma shi ne yake raka mu kasuwa neman naman rago saboda shi ma baya cin alade. Ga kuma wani Ibragimov a hostal ɗinmu Musulmi ɗan Checheniya da muke yin sallar idi tare a ɓoye a ɗaki. Kinga mutum uku, addini uku, kuma duk sunan kaka ɗaya suke ɗauke da shi, Musulmin yankin su suka riƙe Ibragim suka zama Ibragimov, sauran suka riƙe Abram.

Yadda ya shiga gidajen Kiristoci abu ne mai sauƙi. A da limamin coci shi ke raɗa wa jariri suna daga jerin sunayen annabawa da waliyyai, a ciki akwai Avraam da Avraamiy, talaka a ƙauye ya gajarta ya ce Abram. Manoman Rasha da yawa ba su ma da sunan gida na dindindin sai bayan 1861 da sarki Alexander na biyu ya 'yanta su daga bautar masu gonaki, aka zo rubuta mutane sai a tambayi sunan uba ko kaka a ɗora, shi ya sa Abramov ya cika ƙauyuka. Babban misali shi ne marubuci Fyodor Abramov, an haife shi a 1920 a wani ƙauye Verkola bakin kogin Pinega a lardin Arkhangelsk can ƙuryar arewa, ɗan manoma ne gaba da baya, ubansa ya rasu yana jariri uwarsa ta rene su cikin wahala, ya shiga yaƙi da kansa a 1941 aka ji masa mummunan rauni wajen kare Leningrad, bayan yaƙi ya zama malamin jami'a ya ƙare rayuwarsa yana rubutu kan wahalar mutanen ƙauye musamman matan da suka riƙe gonaki lokacin da maza suka tafi fagen daga. Ya rasu a 1983 shekarar da na sauka ƙasar, aka kai gawarsa ƙauyensu aka binne. Babu wanda ya taɓa ce masa Bayahude.

Su kuma Yahudawan daular Rasha asali yawancinsu ba su da sunan gida, wane ɗan wane kawai suke yi kamar yadda muke yi, Ishaƙu ɗan Ibrahim, Musa ɗan Yakubu. Gwamnati ce ta tilasta musu da dokar 1804 zamanin Alexander na ɗaya, aka sake ƙarfafa ta a 1835, saboda haraji da ɗibar soja, dole kowane gida ya ɗauki suna ɗaya ya tsaya a kai. Kuma tun 1791 an killace su a yammacin daular, wajen Lituwaniya da Belarus da Yukiren da wani sashe na Folan, ba a barinsu su zauna cikin ainihin Rasha sai da izini na musamman, haka aka yi ta tafiya har 1917. A wancan yankin kuwa sunayen gida da -ovich suka fi ƙarewa, toh shi ya sa Bayahuden can in sunan kakansa Abram ne ya fi zama Abramovich ko Abramson, ba Abramov ba. Sholem Yankev Abramovich wanda aka fi sani da Mendele, da ake kira kakan adabin Yiddish, wato yaren Yahudawan yankin, ɗan wani ƙaramin gari ne a Belarus, ya rasu a Odessa a 1917. Shi ma Roman Abramovich da ƙanen mijin naki yake magana, eh gaskiya ne Bayahude ne, kakanninsa na wajen uba daga Lituwaniya suke, an haife shi a Saratov a 1966, maraya ne ma tun bai kai shekara huɗu ba ya rasa uwa da uba baffansa ya riƙe shi a wani gari mai sanyi Ukhta, ya yi gwamnan lardin Chukotka daga 2000 zuwa 2008, ya sayi Chelsea a 2003 lokacin ɗan Kadunarku Celestine Babayaro yana buga musu baya, ya sayar a 2022. Amma Abramovich daban Abramov daban, yaron ya ji rabin magana ne ya cike sauran da kansa.

Sai dai ba zan rufe ki ba, akwai Yahudawa masu Abramov sak, kuma suna da yawa, musamman na Dagestan da Azarbaijan da na Bukhara da Samarkand, su da Rasha ta ci yankunansu a ƙarni na 19 sai aka yi musu suna irin yadda aka yi wa maƙwabtansu Musulmi, a ɗauki sunan uba a sa -ov. Shetiel Abramov ɗan Derbent irinsu ne, an haife shi a 1918, ya samu lambar Gwarzon Tarayyar Sobiyet a 1945 saboda jarumtar da ya nuna a yaƙi da sojojin Hitler, daga baya ya koma fannin binciken man fetur. Kenan duk wanda ya kalli sunan nan kawai ya rantse miki cewa na Yahudawa ne ya yi ganganci, wanda ya rantse cewa ba nasu ba ne shi ma ya yi ganganci.

Wani abu kuma da nake so ki sani don ya shafe mu. Shi kansa Abramovich ɗin ba kullum yake zama sunan gida ba, sau da yawa sunan uba ne kawai wato ɗan Abram, a furuci ma suna bambanta su. Akwai wani yaro baƙar fata da aka sato daga Afirka aka kai Istanbul ana kiransa Ibrahim, daga can aka kai shi wajen sarkin Rasha Peter Babba a 1704, ya zama Abram Gannibal, ya yi karatu a Faransa ya zama babban injiniyan soja har ya kai janar, ya rasu a 1781. Da hannunsa ya rubuta cewa garinsu Lagon, masana na da suka ce Habasha ce, wasu na baya suka ce Logone-Birni ce ta arewacin Kamaru kusa da tafkin Chadi, nan maƙwabtanmu. 'Ya'yansa maza duk Abramovich ake kiransu, Ivan Abramovich shi ya jagoranci gina birnin Kherson a 1778, Osip Abramovich kuwa shi ne kakan Pushkin na wajen uwa, Pushkin ɗin da duk ɗan Rasha ke haddace waƙoƙinsa tun firamare. Ranar da malamarmu ta harshe ta ba mu labarin nan mu 'yan Afirka da ke ajin kallon juna muka dinga yi, wani ɗan Chadi har da hawaye. Ga kuma Marina Abramovic mai fasahar nan 'yar Sabiya da aka haifa a Belgrade a 1946, asalin danginta Kiristocin Orthodox ne. Na dai kawo miki su ne ki ga yadda sunan Ibrahim ya yi yawo.

Toh yanzu ta ya za ki san na gidanku? Ba a wajen ƙanen miji ba, ba kuma a wajena ba, amsar tana cikin akwatin mamanki. Duk matan nan da suka biyo mazajensu ba wadda na sani da bata taho da takardunta ba, galibi a ƙasan akwati suke cikin leda tare da hotuna marasa kala. Ki nemi takardar haihuwarta, ɗan ƙaramin littafi ne mai bango, a jiki an rubuta свидетельство о рождении, a ciki akwai sunan babanta da mamanta kuma ƙarƙashin kowanne akwai layin ƙabila, национальность. In kika ga русский ko русская to 'yan ƙabilar Rasha aka rubuta su, in kika ga еврей ko еврейка to Yahudawa ne, domin a Sobiyet Yahudanci ƙabila aka ɗauke shi ba addini ba, har a fasfo na cikin gida da aka fara a 1932 ana rubutawa, shi ne abin da suke kira layi na biyar, sai a 1997 aka daina. Ki duba kuma sunan tsakiya na mama, in Ivanovna ne ko Nikolayevna ko Vasilyevna wannan ya fi kama da gidan Kiristoci, in Moiseyevna ne ko Isaakovna ko Solomonovna ya fi karkata ɗaya ɓangaren, amma alama ce kawai ba hujja ba. Ita ma takardar ba ta gama magana ɗari bisa ɗari, don wanda iyayensa suka bambanta in ya kai shekara 16 shi ke zaɓar ƙabilar da za a rubuta masa, kuma da yawa sun zaɓi Rasha saboda wariyar da ake nuna wa Yahudawa wajen shiga manyan jami'o'i da samun wasu ayyukan, na ga wannan da idona, yaro mai ƙoƙari a ƙi ɗaukarsa saboda layi ɗaya. In kina son zurfafawa akwai ofishin rajista da suke kira ZAGS na garin da aka haife ta, kuma in kakanta ko babanta ya yi yaƙin duniya na biyu za ki iya samun sunansa da garin haihuwarsa a shafin Pamyat Naroda a intanet kyauta, wani ɗalibi da ya yi karatu a can zai taya ki cikin minti kaɗan.

Amma kafin akwati, baba. Shirun da yake yi ba lallai ɓoye wani abu yake ba 'yata, mutumin da ya rasa matar da suka yi shekara talatin da wani abu tare, wadda ita kaɗai ce a duk garin suke hira da yaren ƙuruciyarsu, ba ƙaramin abu ne yake ɗauke da shi ba. Kar ki tare shi da "baba wai mama Bayahudiya ce?", zai ji kamar tuhuma ce. Ki bari bayan isha'i ya ci abinci ya natsu, ki kai masa shayi ki zauna a ƙasa kusa da shi, ki ɗauko hoto ɗaya na can ki ce baba wannan wace ce, ina ne nan, ya sunan kakata, me take dafa muku in kun je. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, shi ya shiga gidan ya gaishe da surukai ya ci abincinsu, ya san ko ƙwai masu kala suke rinawa lokacin Ista kamar yadda Kiristocin can ke yi ko wani biki daban suke yi, ko ma ba sa yin komai kamar yawancin mutanen lokacin. Kuma dole ya san abin da ake faɗa a gidan surukan naki, shi ne waliyyinki, ba daidai ba ne ki ɗauki kayan nan ke kaɗai sati biyu kina kwana ido biyu alhali ubanki na raye.

Yanzu a ce an buɗe takarda an ga еврейка ɓaro-ɓaro. Sai me? Ina so ki tsaya nan ki yi tunani sosai. Mamanki ta yi shahada, ta yi sallah, ta je Makka tunda Hajiya ake ce mata, aka yi mata wanka aka sallace ta aka kai ta maƙabartar Musulmi. Ko da ma bata musulunta ba Allah ya halatta auren matan Ahlul Kitabi a aya ta 5 cikin Suratul Ma'ida, kuma ɗa a Musulunci nasabar ubansa yake bi. Uwar Muminai Nana Safiyya 'yar Huyayyu daga Yahudawan Banu Nadir ta fito, 'yar shugabansu ce ma, kuma irin gorin da ake miki an yi mata, aka ce mata 'yar Bayahude ta zauna tana kuka, Manzon Allah (SAW) ya shigo ya same ta ya rarrashe ta da cewa ita 'yar Annabi ce, baffanta Annabi ne, kuma tana auren Annabi, yana nufin Annabi Haruna da Annabi Musa da shi kansa, sannan ya ce wa wadda ta yi gorin ta ji tsoron Allah. Abdullahi ɗan Salam babban malamin Yahudawan Madina ne kafin ya zama sahabi. Duk malamin da gwaggo ta yarda da shi ya san waɗannan, ba sai an je da nisa ba.

Na san abin da ke ƙona zuciyar mutanenmu, hotunan yaran Gaza ne da muke gani a waya kullum, ni ma suna hana ni cin abinci. Amma matar da ta baro bakin kogin Volga ta ƙare rayuwarta tana kai miki abinci Islamiyya a Kaduna me ya haɗa ta da wannan? Ba a kama wani da laifin wani, wannan a Alƙur'ani yake ba ra'ayina ba ne.

Shawarar da saurayinki ya ba ki kuwa, ta ki ce musu sunan Kiristoci ne a wuce wajen, ban yarda da ita ba ko kaɗan, duk da na san don yana son auren ya yiwu ne ya faɗa. Na farko baki sani ba tukuna, faɗin abin da baki sani ba a maganar aure ƙarya ce ko da daga baya ta zo ta dace. Na biyu ramin ƙarya ƙurarre ne, gobe wani ɗan uwan mama ya neme ki a Facebook ko ɗanki ya girma ya yi gwajin jini irin na asali da ake yi yanzu, magana ta fito, a lokacin ba za a ce ke jikar wane ba ce, cewa za a yi kin yaudare su, kuma wannan tabon ya fi wancan wuyar gogewa. Na uku wanda ya fi min ciwo, in kika yi haka kin amsa kenan cewa akwai abin kunya a jikin mamanki da ya kamata a binne, kuma za ki shiga gidan kina sunkuyar da kai tun ranar farko, duk ranar da aka yi saɓani da ke sai an jefo miki ita.

Abin da nake ganin ya dace, bayan kin yi magana da baba kun duba takardu, ya tura baffanki ko wani dattijo da ake jin maganarsa, in da hali da limamin unguwarku wanda ya san Hajiya ya ga zamanta, su je su samu manyan gidan maza, ba gwaggo ba kuma ba a waya ba. Su faɗi abin da aka samu yadda yake ko wanne ne, su faɗi yadda ta rayu da yadda ta cika, su tsaya nan, ba roƙo ba ban haƙuri. Ke kuma kar ki shiga cacar baki da kowa a WhatsApp, kar ki tura wa ƙanen nan hoton takardar uwarki don ki wanke kanki a wajensa, bai kai nan ba.

Shi kuma wanda zai aure ki, ki zuba ido ki ga yadda zai yi a 'yan kwanakin nan. Ki gaya masa a natse cewa ba za ki yi ƙarya a kan mahaifiyarki ba, kuma kina so ya gaya wa gidansu da bakinsa cewa ko me takarda ta nuna shi yana nan a kan bakansa. Ba cewa na yi ya yi wa gwaggonsa rashin kunya ba, ana iya tsayawa da ladabi, ya samu mahaifinsa ya yi masa bayani ya nemi a kira malami. In ya yi haka toh Alhamdulillah kin samu miji. In kuwa ya fara kame-kame yana cewa a jira sakamako tukuna kafin ya san matsayinsa, to ki yi istihara da kyau ki kuma gaya wa baba wannan ma, don 'ya'yan da za ki haifa masa jinin Hajiya ne a jikinsu ko an so ko ba a so, kuma shi ne zai tsaya musu ranar da wani ya yi musu gori a gidan biki.

In kin samu takardar kuma rubutun hannun ya gagare ki, don rubutun ma'aikatan rajistar nan na da sai wanda ya saba, ki ɗauki hotonta da rana kusa da taga ki turo min ta inda kika turo wannan saƙon, zan karanta miki layi-layi har sunan garin da sunan kakarki, ba wanda zai gani sai ni. Ki gaishe min da baba, ki ce wani tsohon ɗalibin Rostov yana masa ta'aziyya ko da ta makara. Yau kuma ki daure ki ci abinci ki kwanta da wuri.